Ƙanena zai koma santir ta yara a Garwa, me zai tarar a can?

Adda_Domayo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman wanda ya san abin nan da idonsa ya ba ni haske, don kaina ya ɗaure.

Ina da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 14. Mu asali mutanen wajen Kolofata ne, fitinar Boko Haram ta taso mu muka zauna Mora, daga baya muka gangaro Marwa. Babanmu ya rasu tun muna Mora, Innarmu kuma bara da damina Allah ya yi mata rasuwa. Ni ina aure nan unguwar Domayo a Marwa, ɗaki ɗaya muke haya ni da maigida da yara uku, shi kilando yake ja wato babur ɗin haya, wlh ba rowa ba ce wurin ne babu, yaro ɗan 14 ba zai kwana ɗaki ɗaya da mu ba. Bappanmu ya ɗauke shi amma zaman bai yi ba, shi da matar Bappa ba sa shan inuwa ɗaya, ya daina zuwa lekol wato makarantar boko yana sankiyem, aji biyu na sakandare, sai tasha yake wuni yana wanke babura har aka zo aka ce min an gan shi cikin yaran nan masu shan tramol. Ya rantse min bai taɓa sha ba kuma na yarda da shi, amma gobe nake tsoro.

Na je santir sosiyal wato ofishin jin daɗin jama'a, matar da ke wurin Allah ya saka mata, ta zo ta ga gidan Bappa ta ga nawa, ta zauna da yaron shi kaɗai sun daɗe suna magana, ƙarshe ta ce akwai wani gida a Garwa da ke karɓar yara maza irin shekarunsa, ci da kwana da makaranta duk a kansu, kuma an samu gurbi kafin a koma lekol a watan Satumba. Shi yaron bai ce e ba bai ce a'a ba, sai tambayoyi yake jero min, za a ƙwace masa waya? ana duka? da su wa zai kwana? zai zo gida da sallah? in wurin bai masa ba zai iya dawowa? Ni ko ƙofar irin gidan nan ban taɓa shiga ba kuma bana so in yi masa daɗin baki ya je ya tarar da wani abu daban ya ce har ni na yaudare shi, don yanzu ni kaɗai ce yake jin maganata. Wanda ya zauna a irin wurin ko ya yi aiki a ciki dan Allah ya faɗa min gaskiya, mai daɗi da mara daɗi.

Walda_Kollere

Wa alaikumussalam Adda. Allah ya jiƙan iyaye. Ni a irin gidan nan na ƙarasa girma, nan Garwa ma, na shiga ina kusan shekarun ƙanenki, yanzu walda nake. Ba zan kama sunan wurin ba kuma kowace santir da tsarinta, amma muna haɗuwa da yaran sauran gidajen a lekol da filin ƙwallo muna ba juna labari, yawancin abubuwan iri ɗaya ne.

Ranar farko ofis za a fara kai shi, a buɗe masa dosiye a rubuta sunansa da na iyaye da na wanda ya kawo shi, sannan a zazzage jakarsa a gabansa a rubuta abin da ya zo da shi. Ki gaya masa wannan tun yanzu kar ya ɗauka ɓarawo aka mai da shi, kowa haka ake yi wa. Waya a wurinmu ofis ake ajiyewa sai ranar Lahadi a ba ka ka kira gida ka mayar, kuɗi ma in ka zo da su a hannun edikater wato ma'aikacin da ke kula da yara suke zama yana rubutawa a kaye. Bayan nan za a kai shi asibiti a duba shi, a nuna masa gado.

Abinci kar ki damu sosai, ba na marmari ba ne amma ana ci. Safe kunu wani lokaci da makala, rana shinkafa da wake ko taliya, dare tuwon masara ko na dawa da miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa, nama kam sai jefi-jefi in ban da lokacin layya da mutane ke kawo sadaka har ya gundure mu. Abin da zai ba shi wahala shi ne komai da lokacinsa. Yaron da ya saba wuni a tasha, in ya samu dala ashirin ya sayi ƙosai lokacin da ya ga dama, ya kwanta lokacin da ya ga dama, yanzu za a buga ƙarfe ya tashi, a buga ya yi shara ko ɗiban ruwa in ranar layinsa ne, a buga a ci abinci, in ka makara an riga an wanke tukunya, a buga a zauna bitar karatu, a buga a kashe wuta. Ba za ka leƙa ko bakin titi ba sai da izini. Wannan ne yake sa yara gudu, ba yunwa ba. Ni ma a farko ji nake kamar an ɗaure ni, sai can baya na gane a nan na fara barci ba tare da tunanin inda zan ci gobe ba.

Kwana kuma dortuwar ne wato babban ɗaki na haɗaka, gadaje masu hawa biyu, ana raba yara da shekaru, babu wurin da za ka shiga ka rufe ƙofa ka zauna kai kaɗai, wani na munshari wani na magana cikin barci wani na kuka a ɓoye, ga zafin Garwa in watan Maris da Afrilu suka zo kin san yadda yake. Kuma ki gaya masa a sirrance tsakaninku, in ya tashi ya ga ya jiƙa shimfiɗa kar ya ji kamar duniya ta ƙare, yara da yawa har manya abin yana samunsu a makonnin farko saboda firgici da baƙunta, yana wucewa. Ya samu edikater ɗaya ya gaya masa a gefe.

Maganar yara kuwa, zai tarar da kowane iri, Fulani, Tupuri, Mundang, Giziga, Mafa, Masa, musulmi da kirista, yawanci Fulatanci da Faransanci ake yi, mai Hausa zai samu amma ba da yawa ba. Tunda a Marwa ya tashi Fulatanci ba zai gagare shi ba. Akwai manyan yara da za su gwada shi, su aike shi, su ce ya wanke musu kaya, su ɗauki silifas ɗinsa su ga me zai yi. Kar ya zama mai kai ƙara kan kowane ƙaramin abu don za su sa shi a gaba, amma in abin ya kai duka ko ƙwace abinci ko wani ya ce zai taɓa jikinsa ko ya kira shi wani lungu da dare, wannan kam ba a shiru a kai ko waye, yaro ne ko ma'aikaci. Ki faɗa masa da bakinki cewa in haka ta faru ya gaya miki kuma ba za ki ga laifinsa ba.

Duka da ya tambaya, a ƙa'ida an hana, kuma a wurinmu horo shara ne ko hana kallon ƙwallo a talabijin, amma ba zan rantse miki cewa babu ma'aikacin da hannunsa ke da sauri ba, mun ga irinsu, wani an kore shi wani ya daɗe. Akwai kuma waɗanda har yau in na gan su a kasuwa sai na durƙusa na gaishe su don sun riƙe mu da amana alhali albashinsu ba wani abin kirki ba ne. Matsalar su ma ba sa daɗewa, ka saba da mutum ka fara buɗe masa cikinka sai ka wayi gari an ce ya samu wani aiki ya tafi.

Sai abu na ƙarshe kuma shi ne ya fi duka nauyi Adda, ranar ziyara. Babu ranar da ta kai ta zafi ga yaron da ba a zo masa ba. Za ka yi wanka ka sa kayanka masu kyau ka zauna gindin bishiya kana kallon ƙofa, ana kiran sunayen wasu suna tashi da gudu, har la'asar, sai ka je ka cire kayan ka ninke. Wanda bai da kowa ya riga ya haƙura, wanda aka ce masa za a zo ba a zo ba shi ne yake lalacewa. In kin san sau ɗaya za ki iya zuwa a wata biyu ki ce masa sau ɗaya a wata biyu, kar ki ce duk sati don ki kwantar masa da hankali ranar rabuwa.

Malam_Pitoare

'Yata, Allah ya gafarta wa mahaifanku ya albarkaci abin da suka bari. Na karanta bayaninki da na wannan yaro mai walda, Allah ya yi masa albarka ya faɗi gaskiya. Amma ni zuciyata ba ta kwanta da tafiyar nan ba kuma zan faɗa ko da ba shi kika tambaya ba.

Ina sauran dangi? Baffa ɗaya ne kawai kuke da shi? Ba kawu, ba goggo, ba wani aminin mahaifinku? Mu da muka taso ba mu san wani gida da ake tara marayu ba, yaro in ubansa ya mutu ɗan'uwan uban ne ubansa, kuma Manzon Allah tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna yatsunsa biyu. Wannan lada ce da baffanku yake shirin sakin ta saboda rashin jituwar mace da yaro, abin da zama ɗaya na manya zai iya gyarawa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki samu limamin unguwarsu ko jauro a kira shi a zauna, in nauyin ciyarwa ne ya yi masa yawa a nemi mai hali ya ɗauki kuɗin makaranta da sutura yaron kuma ya zauna cikin danginsa, ana yin haka kuma na ga ya yi kyau.

In kuma an yi duk wannan abin ya faskara to ba zan ce haramun ne ba, barin shi a tasha ya fi muni nesa ba kusa ba. Sai dai ki binciki abu biyu. Na ɗaya addininsa, za a bar shi ya yi salla a kan lokaci, ya je Juma'a, a tashe shi sahur, ya ci gaba da karatun allo? Na biyu gadonsa. In mahaifinku ya bar gona ko fili ko dabba a can gida, rabon yaron nan a rubuta shi da shaidu kafin ya tafi, don wanda ba ya nan shi ake cinye wa kaso, kuma kin san abin da Allah ya ce a kan masu cin dukiyar marayu.

Adda_Domayo

Baba Malam Allah ya ƙara girma, na gode kuma ban ji haushi ba. An yi zaman, har sau nawa ma, liman da kansa ya je. Bappa ba mugu ba ne amma shi ma gudun hijira ya cinye abin hannunsa, yaransa tara. Kawunmu yana Ngaundere ya ce zai karɓe shi amma sai ya gama ginin da yake, Goggo kuma tana Najeriya tun lokacin gudu. Ni ba yar da shi zan yi ba Baba, so nake ya koma aji kafin tasha ta gama da shi. Maganar gado wlh ban taɓa kawo ta a rai ba, akwai gona a can, zan yi wa maigida magana mu je wajen Bappa.

Hamma mai walda Allah ya biya ka, na karanta ina hawaye. Sauran tambayata ita ce in ya shiga shikenan sai ya girma, ko muna da ikon ɗauko shi?

Tanti_Sosiyal

'Yar uwa sannu da ƙoƙari. Ni aikin jin daɗin jama'a nake yi nan arewa, na kai yara irin gidajen nan na kuma ɗauko wasu na mayar cikin dangi, bari in amsa miki wannan tambayar ta ƙarshe don ita ce babba.

Ya danganta da ta wace ƙofa ya shiga. Gidajen ba iri ɗaya ba ne duk da mutane suna haɗa su su ce gidan marayu. Akwai na jarirai da ƙananan yara da aka tsinta ko uwa ta rasu wajen haihuwa. Akwai na gwamnati irin ICE ta nan Marwa da ta Betamba, waɗanda aka yi domin yaran da suka yi karo da doka ko suka gagari gida, sau da yawa da takardar alƙali ake shiga, to yaron da alƙali ya tura ba za ki je kawai ki ce kin zo ɗaukarsa ba sai an koma ta wajen alƙalin. Akwai kuma masu zaman kansu, na mishan ko na ƙungiyar musulmi ko na wani bawan Allah, su kuma dole sai da izinin ma'aikatar harkokin jin daɗin jama'a wato MINAS. Yadda kika bayyana, naku da yardar dangi ne ta hannun santir sosiyal, irin wannan dangi ba su rasa ikonsu a kan yaro ba, in hali ya canza kuna komawa wajen wadda ta yi dosiyen a sake duba gida a mayar muku da shi. Amma kar ki tsaya a kan maganata, ki tambaye ta kai tsaye, wa ya sa hannu a takardar shigar, na tsawon wane lokaci ne, kuma me ake bukata ranar da za a fitar da shi. Ki karɓi fotokopi ki ajiye.

Baba Malam yana da gaskiya a babban ɓangare kuma mu ma haka aka koyar da mu. Kamaru ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1993, a cikinta ma an ambaci kafala da sunanta a matsayin hanyar riƙon yaron da ya rasa iyaye. Sannan a 2009 Majalisar ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan yaran da ba sa hannun iyayensu, kuma abin da suka ce shi ne cikin dangi ya fi, talauci shi kaɗai ba dalili ba ne na raba yaro da gidansu, gidan kula da yara sai in shi ne ya fi dacewa da wannan yaron a wannan lokacin. Sun ce a riƙa sake duba zamansa aƙalla duk wata 3 a ga ko har yanzu akwai bukata, a ji ra'ayinsa, kar a raba 'yan uwa in ba dole, kar a ja shi ya canza addini, kuma kar a taɓa hana shi ganin danginsa a matsayin horo. A takarda ke nan. A zahiri ma'aikaci ɗaya yana riƙe da dosiye masu yawa ga rashin abin hawa, dosiyen da ake dubawa shi ne wanda danginsa ke zuwa suna tambaya, wannan ba na jin daɗin faɗinsa amma haka yake. Saboda haka ki zama mai yawan zuwa, su san fuskarki a ofis.

Kafin ranar tafiya in da hali ki je Garwa ke da shi ku ga wurin, kilomita wajen 200 ne, ku tafi da safe ku dawo. Kar ku tsaya a ofishin direkta kawai, ki ce a nuna muku ɗakin kwana da banɗaki da madafa, ki duba akwai gidan sauro a kan gadajen don da damina zazzaɓin cizon sauro ne yake kwantar mana da yara, ki tambayi wa yake kwana da su da dare, manya da ƙanana ɗaki ɗaya suke ko a rabe, in yaro ya yi ciwo wane asibiti ake kai shi kuma wa zai kira ki. Ki kalli yaran da kansu, in baƙo ya shigo suna wasansu ko duk sun yi tsit suna kallon ƙasa. Gidan da ya ce ba a shiga ciki ko ya ƙi nuna takardar izininsa, ki dawo ki gaya wa wadda ta tura ku.

Game da halinsa kuma ki shirya. Yawanci makon farko da na biyu yaro lafiya lau, ladabi kamar me, har a kira ki a ce ai ɗanku ba shi da matsala. Bayan nan ne abin ke fitowa, faɗa, ƙin cin abinci, ƙin magana, ya kira ki yana cewa in ba ki zo kin ɗauke shi ba zai gudu, wataƙila ma ya gaya miki magana mai zafi cewa kin zaɓi mijinki kin yar da shi. Wannan ba alamar wurin ya lalace ba ce lallai, yaron da ya binne uwa da uba ya canza gida sau uku dole fushin ya nemi hanya, kuma a kan wanda ya tabbata ba zai guje shi ba yake sauke shi. Ki saurare shi kar ki yi masa faɗa, kar kuma ki ruga ki ɗauko shi a ranar. Abin da zai sa ki tashi tsaye ba jira shi ne ki ga rauni a jikinsa, ko ramewa, ko yana tsoron wani mutum guda, ko ba a barinku ku yi magana sai da wani tsaye a kanku.

Sai maganar fita, tun ranar shiga ake fara ta. Gidaje da yawa suna sallamar yaro in ya kai 18, alhali a dokar Kamaru sai 21 mutum yake cika girman da zai tsaya wa kansa a harkokin takardu da dukiya, to in babu inda zai koma tsakanin nan ne yara ke faɗawa titi. Tunda kawunku ya ce zai karɓe shi, a rubuta wannan a dosiye a matsayin inda aka nufa, ya riƙa kiransa, babban hutu ya je Ngaundere ko ya zo wajenki ko da kwana zai riƙa yi a ɗakin samarin maƙwabta. Kuma ku zauna da shi a kan karatu, in zai ci gaba har BEPC wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare to, in kuma hannunsa ya fi kansa son aiki tunda babura yake so, akwai CETIC wato makarantar koyon sana'a da ake fita da takardar shaidar CAP ta kanikanci ko lantarki, ba faɗuwa ba ce.

Bint_Njamena

Salam daga Njamena. Ni abu ɗaya zan ƙara, takarda. Mu nan Cadi ba mu manta abin da ya faru a Abeshe a watan Oktoba 2007 ba, wata ƙungiyar Faransawa mai suna Arche de Zoé ta tara yara 103 za ta ɗora su a jirgi zuwa Faransa da sunan marayun Darfur ne, aka kama su kafin jirgin ya tashi, da aka bincika sai ga shi yawancin yaran suna da uwa ko uba ko dangi a raye, kuma iyaye da yawa cewa suka yi makaranta aka yi musu alkawari. Kotu a nan Njamena ta yanke wa shida daga cikinsu shekara 8. Ban ce naku haka yake ba tunda ta hannun hukuma kuka bi, amma darasin da muka ɗauka shi ne kar ki dangwala yatsa a takardar Faransanci da ba a karanta miki ba, kuma wanda zai karanta miki ya zama naki ba nasu ba. In kin ji kalmar ba da yaro har abada ko fita da shi waje ki tsaya.

Sannan ki tambaye su maganar hoto. Wasu gidajen suna ɗaukar yara hoto da tsummokara su zuba a Facebook da labarin mutuwar iyayensu don neman taimako, yaro ɗan 14 yana da abokai masu waya, ranar da suka gani a lekol ya shiga uku. Kina da ikon cewa ba ku yarda ba, shi ma yana da shi.

Walda_Kollere

Tanti ta faɗi gaskiya a kan fita. Ni ranar da na bar wurin na iya walda amma ban san kuɗin mudun masara ba, ban san yadda ake neman ɗakin haya ba, ban taɓa zuwa gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure ni kaɗai ba, dangina kuma sun zama baƙi ina jin kunyar cin abinci a gidansu. Waɗanda ake ɗauka hutu ba su sha wannan wahalar ba. Don haka in ya zo hutu ki aike shi kasuwa, ki tura shi gaishe da mutane, kar ki riƙe shi kamar baƙo.

Kayan tafiya kar ki kashe kuɗi da yawa, akwatin ƙarfe ƙarami da kwaɗo mai kyau shi ne farko don sata akwai, makulli ɗaya ya rataya a wuya, ɗaya kuma a ba edikater. Silifas, bokiti, buta, darduma, tocila, sabulu da omo, kaya kala uku ko huɗu a rubuta sunansa a ciki, in akwai hoton Inna ki sa masa. Lambarki ya haddace ta a ka kar ya dogara da waya. Kuma ke za ki kai shi da kanki ba a ba direban ajans amana ba, in za ki tafi ki yi masa sallama ido da ido ki gaya masa ranar da za ki dawo, kar a ce miki ki sulale yana can ana nuna masa fili wai don kar ya yi kuka. Sallah kuma a wurinmu ana barin mai dangi ya tafi in an zo an sa hannu an ɗauke shi, ki tambaya tun da wuri don wani lokaci tana faɗowa tsakiyar karatu.

Adda_Domayo

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, na zaunar da shi na karanta masa na Hamma mai walda daga farko har ƙarshe, ya ce yana so mu je ya gani tukuna, maigida ya ce zai nemo kuɗin mota. Tanti saura abu ɗaya, sun ce a kawo akt ɗinsa na haihuwa, asalin ya ɓace lokacin da muka kwashe kayan Inna, fotokopi kawai na samu cikin tsohon dosiyensa na CEP, jarrabawar gama firamare. Zai yi?

Tanti_Sosiyal

Don shiga santir yawanci za su karɓa su buɗe dosiye da shi, amma kar ki bar maganar a nan don jarrabawa da katin ɗan ƙasa duk za su nema. Ki duba saman fotokopin akwai lambar akt ɗin da shekara da sunan merin da ta yi shi, wato ofishin magajin gari. Da wannan za a je merin a duba ko asalin yana cikin rajistarsu, in yana nan aiki ya yi sauƙi, su za su ba ki takardar shaida su gaya miki mataki na gaba. In kuma rajistar ta lalace ko ta ɓace, tunda wasu garuruwan bakin iyaka sun sha wahala lokacin rikici, sai an bi ta tiribinal alƙali ya ba da hukuncin sake yin sa, za a nemi shaidu da suka san haihuwarsa, Bappanku zai iya tsayawa. Ki yi fotokopin fotokopin nan kamar guda biyar yau ɗin nan kafin ki miƙa wa kowa, ki kuma ɗauke shi hoto a waya. Ki haɗa da karnensa na asibiti in yana nan da bulten ɗin lekol na ƙarshe don su san ajin da za su sa shi. Ki gaya wa wadda ke riƙe da dosiyenku ta rubuta miki 'yar takarda zuwa merin, ta fi saurin buɗe ƙofa a kan ki je ke kaɗai.